Miten A Tabarmar Ciyayya

Ranar nan a ofishin malamai na ji ɗayanku yana cewa babu darasi mai sauƙi kamar na haɗuwar ƙwayoyin zarra. Wai ka ɗauki alli, ka rubuta C a tsakiya, ka jera H huɗu kewaye da shi, ka ja layi huɗu, shi ke nan ka koyar da iskar miten, sai ka koma kujera ka ci gaba da latsa waya. Ban ce komai ba a lokacin, don bakina cike yake da ƙosai. To yanzu na haɗiye. Tunda saura ƙiris in ajiye allin nan, bari in ba ku labarin yadda aikin yake, ku da kuka zo jiya kuna ganin koyar da kemistiri shan ruwa ne.

Aikin farko da aka ba ni a makarantar nan ba koyarwa ba ne, hudar goruba ce. Na zo da takardar shaidata sabuwa fil da takalmi sau-ciki, ina jira a nuna min aji. Sai aka haɗa ni da Malam Ɗahiru, tsohon malamin kemistiri, mutumin Ƙofar Guga, gajere mai furfura, wanda aljihun rigarsa kullum fari fat yake da garin alli. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tura min buhun goruba da ƙafa, ya ce, "Malam Lawal, kowace ka yi mata huda huɗu. In ka gama ka zo mu gaisa da kyau."

Na zauna a gindin bishiyar bedi da ƙusa da ɗan kaskon garwashi. Ka gasa ƙusar ta yi ja, ka riƙe ta da filaya, ka danna a jikin gorubar, wani hayaƙi mai ƙamshi ya tashi. Goruba ita ce kabon. Haidurojin kuma busasshiyar magarya ce, a soke ta a bakin tsinken tsire, a cusa ɗaya bakin cikin hudar gorubar. Na duba littafi, na ga an zana miten kamar mararrabar hanya: gabas, yamma, kudu, arewa. Haka na huda su duka, ina ta yaba wa kaina don sun fito kamar an auna da rula. Da na kai masa, ya ɗauki ɗaya ya ɗora a tebur, ta baje shame-shame.

Ya ce, "Allah shi yi albarka, ka yi ƙoƙari. Amma wannan miten naka an yi mishi guga. Wa ya ce maka a kwance yake?"

Na ce littafi.

Ya ce, "Littahi takarda ne, ba ya da sama, ba ya da ƙasa. Iska kau tana da su."

Sannan ya zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya, ya soma daga tushe. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, ilektiron kuma suna kewaye da ita hawa-hawa, kuma na hawan waje su ne masu hulɗa da maƙwabta. Kabon yana da huɗu a waje, ba ya samun natsuwa sai sun cika takwas. Haidurojin ɗaya tak ke gare shi, biyu yake nema. To kowane tsinke da ka gani a jikin gorubar nan ba kara ba ne, ilektiron biyu ne zaune tsakanin kabon da haidurojin. Tsinkayen nan huɗu kuma cajinsu iri ɗaya ne, don haka ba sa son juna, kowane yana ture ɗan'uwansa iyakar yadda wuri ya ba shi. A takarda kusurwa huɗu kawai suke da ita. A sarari kuwa sun fi haka samun fili. Ya ɗauko sabuwar goruba, ya huda uku ta ƙasa a buɗe, kamar duwatsun murhu, ta huɗun ya huda ta a ka tana kallon sama. Ya ajiye ta, ta tsaya cak. Ya juya ta ta wani gefen, ta sake tsayawa a kan ƙafa uku, ɗaya na sama. Duk yadda ka juya ta haka take. Tsakanin kowane tsinke da ɗan'uwansa digiri ɗari da tara da rabi ne, amma shi bai taɓa aunawa ba, hannunsa ya riga ya san wurin. Ni sai da na lalata rabin buhu kafin nawa hannun ya sani, gorubar da na lalata kuma yaran masu gadi suka gwaigwaye.

Kayan aikinmu ke nan a lokacin. Allo idan ya koɗe, sai mu fasa tsohon batirin tocila, mu kwaɓa baƙin garin da ke ciki, mu shafe shi ya dawo wuluk. Alli kuwa ba a yar da guntu sai ya gagari yatsa riƙewa. Babbar matsalarmu magarya ce. Ka rarraba wa yara kaya su harhaɗa miten, ka juya baya ka rubuta layi ɗaya a allo, kana juyowa ka tarar haidurojin ya ragu, bakuna kuma suna motsi. Malam Ɗahiru ba ya faɗa a kan wannan. Kullum yana zuwa da ƙari cike da aljihu, yana kiransa rabon ɓarayi.

Fita kududdufi ita ce ranar sallar ajin kimiyya. Akwai wani babban kududdufi a bayan makaranta, inda yanzu aka jera shagunan nan na masu cajin waya. Mukan je da kwalba da mazurari da dogon kara. A cika kwalbar da ruwa, a kifa ta cikin kududdufin da mazurarin a bakinta, yaro ɗaya ya naɗe wando ya riƙa zungurar taɓon ƙasa da kara. Sai ka ga kumfa na tasowa ɓul-ɓul, yana shiga kwalbar yana koro ruwan. In ta cika a toshe, a fito tudu, kowa ya ja baya. Malam ya ƙyasta ashana ya kai bakin kwalbar, wata 'yar wuta shuɗiya ta yi fuu ta tashi. Yara su ɗauki ihu. Ya ɗaga gorubar da tsinkayenta ya ce musu abin da ya ci wutar nan shi ne wannan, ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu ne suka haifar da shi a ƙarƙashin ruwa. Yaron da ya ga wutar nan da idonsa ba ya sake mantawa da sunan miten. Wallahi ina kewar ranakun nan, har warin taɓon ina kewa.

Shekarar da Malam Ɗahiru ya yi ritaya ita ce shekarar da ba na mantawa. Ruwan farko na damina ya zo da iska, ya yaye rufin ɗakin gwaji gaba ɗaya. Kwalaben sinadarai suka sha ruwa, akwatin gorubarmu ya jiƙe, gara ta zo ta ƙarasa aikin. Ni kaɗai na rage malamin kemistiri, ga aji biyu na kimiyya cike maƙil. Shugaban makaranta ya tara mu ya ce ba yadda za a yi a riƙe aji biyu ba malami ba ɗakin gwaji. Za a mayar da su ɗaya. Jarrabawar ƙarshen shekara ta 'yan aji huɗu ita za ta raba gardama: wanda ya ci kemistiri ya zauna, wanda ya faɗi a mayar da shi wani ajin. Ban ga laifinsa ba, ba shi ya aiko iskar ba.

A cikin 'yan aji huɗun nan akwai Sagiru. Dogo ne siriri, mai yawan tambaya, lissafi kuwa kamar ya haɗiyi kalkuleta. Ubansa, Idi, ɗan ga-ruwa ne, ya taso daga ƙauye da iyalinsa ya kama hayar ɗaki a wani lungu na Ƙofar Guga, yana tura kurar jarkoki gida-gida. Burin Sagiru ya zama mai haɗa magani a asibiti, kuma hanyar nan ba ta bi ta ko'ina sai ta ajin kimiyya. Uban ya riga ya gaya masa magana ɗaya: in kimiyya ta ƙi shi, to karatun ya isa haka, akwai kura ta biyu tana jiransa. Ba mugunta ba ce, mutumin ƙarfinsa ya soma ja baya.

Gwajin farko da na ba su a kan miten, na buɗe takardar Sagiru na ga abin mamaki. Yadda ake zanen shi ne, ilektiron na kabon a yi musu ɗigo, na haidurojin a yi musu ekis, wato alamar X, a jera ɗigo ɗaya da ekis ɗaya tsakanin kabon da kowane haidurojin, don a nuna kowa ya kawo nasa an haɗa. Shi kuwa Sagiru sai ya ja kibiya huɗu daga kabon, kowace ta nufi haidurojin ɗaya. Wato kabon ya yi rabon ilektiron ɗinsa, kowa ya karɓi ɗaya ya kama gabansa. Ba shi kaɗai ya yi haka ba, yaranmu da yawa nan suke fara faɗawa, don sun riga sun koyi gishiri, inda sodiyam ke ba da ilektiron ɗaya kyauta, kilorin ya karɓe. Amma sauran da na ja musu jan biro sai suka haddace zanen daidai, ko sun yarda ko ba su yarda ba. Sagiru ba ya haddace abin da bai shiga kansa ba.

Na kira shi bayan an tashi. Na ce, "Sagiru, me ya sa kabon ke rabo a takardarka?"

Ya ce, "Malam, ai shi ne babba."

Na ce, "To sai me?"

Ya ce, "Babba shi ke bayarwa. Kuma lissahin ya hita, Malam. Kowane haidurojin ya samu biyu, ya cika. Shi haidurojin mi gare shi da zai kawo? Guda ɗaya tal. Mai guda ɗaya ai ba ya bayarwa, ba shi ake yi."

Na yi masa bayani iyakar sanina. Na ce ɓamɓare ilektiron huɗu daga jikin kabon ba ƙaramin ƙarfi yake ci ba, cibiyarsa ba za ta sake su ba. Na ce da ba-ni-in-karɓa ne ya haɗa miten, da ƙanƙara-ƙanƙara zai zama irin gishiri, ba iskar da ke tasowa daga kududdufi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Malam." Gwaji na gaba, kibiya huɗu. Na huda sabuwar goruba na ba shi ya riƙe da hannunsa. Ya yarda da ƙafa uku da ɗaya a sama, wannan bai ba shi wuya ba. Amma tsinken, a wurinsa, hanya ce da kyauta ke bi daga babba zuwa ƙarami. Kuma wanda bai gane wannan gaɓar ba, duk abin da ya biyo baya rushewa yake: ruwa, amoniya, duk kibiya yake ja musu. Jarrabawa tana matsowa, makinsa yana yin ƙasa. Hankalina ya tashi, don ina ganin yaro mai ƙwaƙwalwa zai koma tura kura a kan kibiya huɗu.

Ranar wata Asabar da hantsi na hau babur na tafi wurin Malam Ɗahiru. Na same shi a zaure yana gyaran rediyo. Muka gaisa: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya yara, ya makaranta, ya muka ji da ruwa, ya ƙarfin jiki. Sai da ya tambayi lafiyar kowa har maigadi, sannan na karanta masa matsalata.

Ya ajiye sukundireba ya ce, "Ɗan wa ne yaron?"

Na ce, "Ɗan wani Idi ne, mai ga-ruwa."

Ya ce, "Idi na lungun nan namu? Wanda ba ya hitowa ciyayya?"

Ku yaran yanzu wataƙila sai an fassara muku ciyayya, tunda kowa ya koma cin abinci a ɗaki gaban talabijin. A da, in an sallame magariba, magidantan unguwa sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan dattijo ɗaya, kowa yaro ya fito masa da kwanon tuwo daga gidansa, a jera, a ci tare. Ba a duba na wa ya fi nama. A lungunsu, ƙofar Malam Ɗahiru ce matattara. Malam ya ce tun zuwan Idi ake yi masa tayi. Sai ya rusuna daga nesa ya ce alhamdu lillahi, ya wuce. In an matsa, a zuba masa a wani kwano a ba yaronsa ya kai masa ciki, ya aiko da godiya.

Malam ya shafa gemu ya ce, "Malam Lawal, ba kemistiri ne ya gagari yaron nan ba. Tunda ya buɗe ido a birni, bai taɓa ganin ubanshi ya kawo wani abu gaban manya ba. Kullum karɓa yake gani. Kai kuma ka zo da alli kana ce mishi ƙarami na kawowa. Gobe ka zo magariba, ka taho da kwanonka."

Muna cikin haka sai ga ƙarar kura a lungu. Malam ya leƙa ya ƙwala kira, Idi ya jingine kurar ya zo ya durƙusa a bakin zaure, zufa na zuba. Bayan gaisuwa Malam ya ce, "Idi, gobe ina son ka hito ciyayya da kwanonka. Sagiru shi ɗauko maka."

Idi ya ce, "Allah shi gafarta Malam, mi zan kawo gaban manya? Tuwon dawa ne hwa da miyar kuka, ko man kirki babu."

Malam ya ce, "Shi nake nema. Cikina ya gaji da shinkahwa. In ba ka hito ba, ni zan biyo ka har ɗaki da cokalina, ka ga ka ja wa mai ɗakinka kunya."

Idi ya yi 'yar dariyar dole, ya ce to, in Allah ya kai mu.

Washegari na ɗauro kwanona a bayan babur daga Ƙofar Marusa, rabin miyar ta ƙare a hanya. Na tarar an shimfiɗa tabarma. Malam Ɗahiru ya zauna a tsakiya, abin da ba ya yi, don wurinsa jikin bango ne. Maimakon babban kwano ɗaya da aka saba fito masa da shi, sai ga ƙanana huɗu. Daga baya na ji Hajiyarsa ta yi ta mita a kan wanke-wanke. Ya zaunar da mu mu uku kewaye da shi: ni, da wani tela maƙwabcinsa, da Alhaji Sani mai hatsi, wanda kwanonsa ke ƙamshin man shanu tun daga nesa, sai gurbi ɗaya da aka bari. Can sai ga Idi, ya saka rigarsa ta Juma'a, yana tafiya kamar an kira shi kotu. Sagiru na biye da shi da ɗan kwanon samira a hannu, ya rufe shi da faifai, kansa a ƙasa, don ya hango ni.

Malam ya nuna wa Idi gurbin, ya ce wa Sagiru ya ajiye kwanon ya zauna nan gefen tabarma ya buɗe ido. Sannan ya ɗauki ƙananan kwanoninsa, ya ajiye ɗaya kusa da na kowannenmu. Ya zama tsakaninsa da kowane mutum akwai kwano biyu, nasa da na mutumin. Aka wanke hannu, aka yi bisimilla. Hannun Malam bai nufi ko'ina ba sai kwanon Idi. Ya yanko loma, ya dangwali kuka, ya kai baki, ya lumshe ido.

Ya ce, "Kai! Wannan daddawar ta ƙauye ce. Idi, ashe abin da kake ɓoye muna ke nan?"

Idi ya rasa inda zai sa kansa. Ya daɗe yana tsakurar nasa tuwon ta gefe, sai da Malam ya tura masa ɗaya kwanon har ya taɓa gwiwarsa, sannan ya sa hannu a ciki. Alhaji Sani da ya ji ana yabon kuka, sai ya miƙo dogon hannunsa ta saman kwanoni ya yanki tuwon Idi shi ma. Malam ya buge masa hannu ya ce, "Alhaji, kana ɓata mini darasi, tsaya a wurinka." Alhaji ya ce shi bai san da wani darasi ba, kuka ya gani. Aka yi ta dariya, har Idi.

Da ci ya yi nisa, Malam ya juya wurin yaron. Ya ce, "Sagiru, kwano nawa babanka ya kawo?"

Ya ce, "Ɗaya, Malam."

"Nawa ke gabanshi yana ci?"

"Biyu."

"Ni nawa na kawo?"

"Huɗu."

"Nawa hannuna ke kaiwa yanzu?"

Sagiru ya bi kwanonin da ido, ya ce, "Takwas." Na ga ya ɗan gyara zama.

Malam ya ce, "Madalla. To da babanka ya yi zamanshi a ɗaki yau, kamar yadda ya saba, nawa zan samu?"

"Bakwai."

"Takwas nake nema. Na cika?"

Yaron ya sake ƙirgawa. Ya dubi ɗan kwanon samirar nan da ya ɗauko yana jin kunyarsa, wanda yanzu an kusa suɗe shi, ya dubi ubansa. Muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Ba ka cika ba, Malam."

Malam ya ce, "To ka gani. Ba kyauta na yi mishi ba, shi ma ba kyauta ya yi mini ba. Nawa na nan, nashi na nan, mu duka muna ci." Sai kuma ya ɗaga yatsa, don shi ba ya barin misali ya wuce gona da iri. Ya ce, "Amma kada ka je ka rubuta mini tuwo a jarrabawa. Tuwo ƙarewa yake, kowa ya tashi. Ilektiron ba su ƙarewa. Biyun nan suna nan tsakani, cibiyar kabon na jan su, cibiyar haidurojin na jan su, ba mai saki. Wannan jan shi ke riƙe da su, ba kunya ba, ba zumunci ba. Ka ji ko?"

Sagiru ya ce ya ji. Wannan karon bai sunkuyar da kai ba.

Idi bai san kan zancen kabon ba, kuma ba wanda ya tsaya yi masa bayani. Da aka kira isha'i ya tashi yana ta godiya, zai durƙusa. Malam ya ce, "Godiyar mi? Baƙo ke godiya. Wanda ya kawo kwano ya zama ɗan tabarma. Gobe in ba a gan ka ba, za a aiko a ji ko lahiya."

Ban sake yi wa Sagiru maganar ba. Na bar shi, don na koya daga Malam cewa in ka dasa abu ba ka tono shi kullum ka duba. Aka yi jarrabawa a babban ɗakin taro, ni ina can wani ajin ina sa ido, ban ga ko fuskarsa ba. Da aka kawo min takardu, na yi niyyar in bi su a jere yadda aka tara su, amma ban iya ba. Na zaro tasa daga tsakiya, na buɗe wurin tambayar miten.

Babu kibiya. Kabon na tsakiya, haidurojin huɗu kewaye, tsakanin kowane biyu ɗigo ɗaya da ekis ɗaya. A ƙasa ya zana shi tsaye a kan ƙafa uku, ɗaya na kallon sama. Ɗigon kabon ƙanana ne, yadda kowa ke yi. Amma ekis ɗin haidurojin, kowane ya bi shi da biro ya sake bi, ya danne shi har ya huda takardar, shatinsa ya fito a shafi na gaba. Na daɗe ina kallon hudojin nan huɗu kafin in sa maki. Ruwa da amoniya ma duk ya kawo su daidai. Sunansa ya fito cikin waɗanda suka zauna a ajin kimiyya, kura ta biyu kuma wani ɗan ƙauyensu aka ba.

Yau Sagiru yana ɗakin magani a wani asibiti a garin nan, in na je karɓar maganin hawan jini sai ya fito daga bayan kanta ya gaishe ni a durƙushe, mutane suna kallo. Malam Ɗahiru ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Kududdufi ya zama shaguna, goruba kuma ba mai hudawa, tunda wayarku na nuna miten yana juyawa da launi. Ban ce wayar ba ta da amfani ba, ta fi ƙusata iya kusurwa. Abin da ba ta sani ba shi ne me yaro ya baro a gida kafin ya zauna a gabanka. Don haka in kun ja layin nan tsakanin C da H, ku tsaya ku tambayi yaro ilektiron nawa ne a ciki, kuma wa ya kawo su.

Kwanakin baya na bi ta lungun da magariba. Ciyayya ta mutu a yawancin unguwanni, amma a ƙofar gidan Malam na tarar da mutum biyar da kwanoninsu. Na tsaya muka gaisa, na tambaya wa ke fito da tabarmar tun bayan rasuwar mai gidan. Suka nuna min wani tsoho a jikin bango, a daidai wurin zaman Malam, yana tura wa wani baƙon ɗan acaba kwano yana ce masa yau ya ci, amma gobe ya zo da nasa. Idi ne.